Daminar da Inna Ta Ƙi Yafe Nononta

Yaya shi ne ɗan fari a gidanmu, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta yi masa magana baki da baki, ba ta zama inda yake zaune. Ko tuwo za ta ba shi, sai ta ajiye akushin a bakin ƙofa ta ce da iska a zo a ɗauka. Haka matan Matameye suke yi da ɗan fari a zamaninmu, kunya ce, ba wanda yake ɗaukarta ƙiyayya. Tun da aka yaye shi aka kai shi wajen kakarmu a Tsauni, bai dawo ba sai da Baba ya rasu gona ta rasa mai noma. Ni kuma aurena ya mutu a shekarar, na dawo ɗakin Inna muna sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Sai na zama bakin su biyun. Inna ta ce, gaya wa yayanki. Yaya ya ce, gaya wa Inna. Ga su nan taku biyar tsakaninsu, amma sai ta kaina magana take bi.

Ni dai bakina ba shi da linzami, kowa ya shaida, har mijin da ya sake ni. Amma a wannan aikin ina da kirki. In Inna ta aiko da magana mai ƙaya, nakan cire ƙayar a hanya. In Yaya ya ba da amsa a bushe, nakan shafa mata mai kafin ta isa. Duka su biyun sun san ina yi, ba wanda ya hana ni.

Kowace shekara in an gama kaka Yaya yakan tafi ci rani Jos, wajen haƙar kuza, ya dawo da ruwan fari. Lokacin Faransawa suna nan, saura ƴan shekaru a sami mulkin kai. A shekarar da nake magana ya dawo da turmin atamfa na Inna, da fitila, da wani ɗan littafi naɗe a tsumma. Kwana biyu bai fita masallaci da asuba ba, muka ce gajiyar hanya ce. Rana ta uku ya kira ni gindin cediyar tsakar gida, ya ce ya bi hanyar Almasihu tare da waɗansu abokan aikinsa a can, ya zama Kirista, ba zai ɓoye ba kuma ba zai yi sallar ƙarya ba. Ya ce in gaya wa Inna a hankali.

Na same ta tana juya tunkuza a turmi, mai ya fara tasowa. Na faɗa mata, ba a hankalin ba. Hannunta bai tsaya ba. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, idonta a cikin turmi: "In haka ne, ban yafe masa nonona ba."

A wurinmu uwa takan yafe wa ɗanta nonon da ya sha, in zai yi tafiya mai nisa ko in ta ga ajali ya matso. In ta ƙi, mutane suna cewa ba zai ga daidai ba a duniya, a lahira kuma hakkin yana nan yana jiransa. Babu abin da uwa ta riƙe da ya fi wannan nauyi.

To, ga inda na yi ɓarnata. Inna ba ta ce gaya wa yayanki ba. Da turminta take magana, irin wadda mace take yi in zuciya ta cika. Ni kuwa raina ya riga ya ɓaci, ina hango yadda mata za su riƙa kallonmu a bakin rijiya. Na fito tsakar gida na ɗaga murya yadda har maƙwabta sai da suka ji ta kan darni, na ce Inna ta ce ba ta yafe masa nononta ba, duniya da lahira. Kalmomin nan na ƙarshe nawa ne, ni na ƙara gishirin. Yaya ya dube ni, ya ɗauki hauyarsa ya fita. Kafin la'asar duk unguwa ta ji, maganar ta zauna da gindinta, Inna ba ta da halin cewa ba haka ta faɗa ba.

Daminar nan ban taɓa ganin mai tsawonta ba. Gero ya yi kyau, gyaɗa ta yi kyau, mu ne ba mu yi kyau ba. Yaya yakan fita tun da duku-duku ya wuni a gona. Inna ta rame, takan shiga ɗaki ta fito ba ta san abin da ta je ɗauka ba. Ni kuma na zama kamar kaza mai neman wurin ƙwai, ban iya zama a gida, in na kai masa fura gona ban iya dawowa sai na tsokane shi. Duk mun san in an gama kaka zai tafi. Abin da ba mu sani ba shi ne ko zai tafi da wannan magana a kansa.

Wata rana na ce masa, ba ya ce an riga an yafe masa komai ba, to me zai yi da yafiyar tsohuwa mai ƙuli-ƙuli? Bai yi fushi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya ce a wurinsu zunubi ba abin da hannu ya aikata kaɗai ba ne, yana cikin mutum tun asali, kamar ƙwaron da yake shigowa rumbu a cikin wake tun daga gona. Ya ce babu mai iya wanke kansa da aikinsa, shi ya sa Almasihu ya ɗauki kayan a kansa ya mutu dominsa, wanda ya tuba ya dogara gare shi an yafe masa kyauta. Na ce lalle ɓarayin awaki sun sami addini. Ya yi murmushi ya ce a'a, akuya dai sai an mayar. Wanda aka yafe wa shi ne ya fi kowa bin mutane yana neman su yafe masa, har an koya musu in mutum ya zo sujada ya tuna wani yana riƙe da shi a zuciya, ya fara zuwa ya shirya da shi tukuna. Ya ce ya gaskata Allah ya karɓe shi, amma duk lokacin da ya durƙusa zai yi addu'a, Inna ce take tsaye a gabansa.

Na kawo wa Inna wannan, rabi da rabi. Sannan wata safiya muna sheƙe gyaɗa ta ce in tambayi yayana, su a wajensu akwai wuta?

Na tafi gona a guje kamar an aike ni ɗaukar garwashi. Ya ce akwai. Na dawo. Ta ce in tambaye shi, tun da gafarar kyauta ce, wutar ta mece ce? Na koma. Ya ce ba don mutane aka hura ta ba tun farko, don Shaiɗan ne da rundunarsa, kuma Allah ba ya jin daɗin kowa ya shiga. Amma ba ya jan mutum da igiya. Wanda aka miƙa wa gafara ya ture ta har ƙarshe, za a bar shi da abin da ya zaɓa, nesa da Allah, kuma wannan nisan shi ne mafi zafi a cikinta. Ya ƙara da cewa tana nan kuma don kada azzalumi ya ci zalin marayu ya mutu a kan gadonsa, a ce shi ke nan. Wannan ta ƙarshen ta yi wa Inna daidai, ta gyaɗa kai. Sai ta ajiye faifai ta ce:

"To koma ki tambaye shi. Ni ina ya ajiye ni?"

Sawu na uku ke nan a rana ɗaya, ƙafata duk laka. Na same shi yana maimai a cikin gero. Na faɗa masa yadda ta faɗa, ban rage ba ban ƙara ba. Ya dogara da ƙotar hauya. Sannan ya ce shi ba alƙali ba ne, Allah ya fi shi sanin zuciyar Inna kuma ya fi shi jinƙai, kullum da safe yana kai ta gaban Allah. Ƙaton mutum mai fasa dutse, sai ga hawaye suna bin gemunsa. Ranar ce na gane irin tsoron da muke ji masa, shi ma shi yake ji mana, kuma abin ya ba ni tausayi har na ji haushin kaina.

Na dawo na ce da Inna bai ba da amsa ba, kuka ya yi. Ta yi wata ƴar dariya marar daɗi, ta ce ashe kowa yana hango ɗan'uwansa a cikin wuta. Ranar ta ƙona kasko guda na gyaɗa, ita da ba ta taɓa ƙonawa ba.

Ana cikin cirar gyaɗa ƙanen Inna ya zo daga Tsauni, malami ne mai almajiran ilimi, Kawu Malam muke ce masa. Mutum ne mai sanyin hali, yana son Yaya, shi ya koya masa alwala. Ya ce da Inna ta daure ta riƙe, kada ta yafe, wannan ce kaɗai igiyar da ta rage a hannunta, wata kila nauyin ya dawo da shi. Inna ta tambaye shi, in bai dawo ba fa, hakkin nata zai ƙara masa azaba? Kawu Malam ya sunkuyar da kai ya ce hakkin uwa babba ne, kuma Allah ba ya ɗauke hakkin wani sai mai shi ya ɗauke. Ta ce, ke nan in ta saki ta sake shi ya tafi, in ta riƙe ta ƙara masa. Ya ce Allah ne masani. Ya hau jakinsa ya koma, ya bar ta a tsakiya.

Ranar tafiya ta zo, ranar kasuwa ce, akwai babbar mota da ta yi lodin buhunan gyaɗa za ta Kano ta hanyar Daura. Masu ci rani sukan zaga gida gida su yi sallama, a yafi juna, don ba a san mai dawowa ba. Yaya ya zaga, waɗansu suka amsa, waɗansu suka kawar da kai. Ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakin Inna, ya ce da ni in gaya mata ya zo sallama, ta yafe masa. Na faɗa. Inna ba ta fito ba. Ya tsuguna a nan har inuwar cediya ta janye daga kansa. Ni ina ta shiga ina fita, in taɓa wannan in ajiye wancan. Da aka aiko cewa mai mota zai tashi, ya miƙe, ya ɗauki ƙunshinsa da guzurin ƙuli-ƙulin da ya tarar an ajiye a bakin zaure ba a ce wa kowa komai ba, ya fita.

Bai daɗe ba Inna ta leƙo, idonta ja, ta ce in bi shi da gudu in gaya wa yayana.

Na ce ba za ni ba. Ban taɓa ƙin aikenta ba sai ranar. Na ce, "Inna, waccan ba ki aike ni ba na kai, har na ƙara. Wannan in na kai zai ce ni na shafa mata mai kamar kullum. Ba zai yarda ba sai ya ji daga bakinki."

Na zaci za ta mare ni. Ta tsaya tana kallona, sannan ta jawo mayafinta, ko takalmi ba ta sa ba. Na bi ta a baya muka ratsa ta wajen masu goro da masu tukwane, mutane suna ba ta hanya suna kallo. An riga an tayar da injin mota, fasinjoji suna zaune can bisa buhuna, Yaya a cikinsu ya ba mu baya.

Inna ta tsaya a gefen taya ta kira sunansa. Sunan yanka, a tsakiyar kasuwa, gaban maza da mata. Wata tsohuwa kusa da ni ta kama baki. Bai waiwayo ba. Ta sake kira, da ƙarfi, har sau uku. Ba ƙarar inji ce ta hana shi ji ba. Shekara talatin da ɗoriya yana duniya bai taɓa jin sunansa a cikin wannan murya ba, bai san da shi ake ba. Sai da na kusa da shi ya zungure shi ya nuna masa ƙasa.

Ta ɗaga kai ta dube shi cikin ido, ta ce: "Tsakaninka da Allah ba ni da hannu. Amma nonona na yafe maka, duniya da lahira. In ma wutar ce, kada a sami itacena a ciki."

Duniya da lahira. Ba ita ta faɗe su da farko ba, amma ta san da su zai tafi, sai ta biyo su har kasuwa ta cire. Yaya ya yunƙura zai diro, mota ta ja, mutane suka riƙe masa riga. Ina ganinsa a durƙushe kan buhuna, hannunsa biyu a kan fuska, har suka sha kwana.

A hanyar gida ƙafar Inna tana jini inda ƙaya ta soke ta. Da ruwan fari Yaya ya dawo, yana nan a kan addininsa, ita ma a kan nata, kowa yana yi wa ɗan'uwansa addu'a ta inda ya sani. Akushi ya koma bakin ƙofa, gaya wa yayanki ta dawo kamar da. Har Allah ya karɓi ranta ba ta sake kiran sunan ba. Shi kuwa da ya tsufa ya taɓa ce mini, sunan nan mutane dubu sun kira shi da shi, amma sau uku kaɗai ya ji shi.