Wayata ta goge wa kakana tsaga

Kakata Inna ta karɓi wayata da hannu biyu.

Hoton marigayi mijinta ne, guda ɗaya tal da ya rage. Ruwan sama ya ɓata shi a ɗakinta a Kalgo, fuskar ta koma kamar hayaƙi, kuma ta daɗe tana tsoron manta kamanninsa. Da na zo daga Gwandu jiya, sai na ɗauki hoton da wayata, na danna wurin gyaran tsohon hoto. Duk da digirin da nake ji da shi, sai da abin ya ba ni mamaki. Ido ya fito, gemu ya fito, har ɗinkin hularsa.

"Idanun kam nashi ne," in ji Inna. "Amma ke 'yar boko, ina tsagatai?"

Ashe wayar ta ɗauka tsagar Kabawa da ke kumatunsa ƙarzuwar takarda ce, ta share ta tas.

"Inna, daga fuskokin mutane ta koya. Da alama babu Bakabe a ajinsu."

"To, riƙe mini."

Ta sa yatsa a gilashin, tana jan layi a kumatun ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ta ce wanzami ya karkata. Da ta gama sai ta yi murmushi. "Ashe ban manta ba."

Har yanzu ban san wanne ya fi ba ni mamaki ba, wayar ko yatsan nan. Ku fa, fuskar wa kuke so ku sake gani?