Jami'ar Mishan da Ta Koya wa 'Yata Gaisuwa

A Riyad na haifi 'yata ta fari, a unguwar Jaradiya ta yi wayo, kuma Larabci ya riga Hausa shiga bakinta. Mahaifinta direba ne a ofishin jakadancinmu. In na yi mata magana da Hausa sai ta amsa da Larabci, ko a jikinta. Abin ya fi ci mini rai in mun je gida hutu. Mahaifiyata, Inna, za ta jawo ta jikinta tana tsokanarta irin ta kaka da jika, yarinya ta ce "lafiya lau" ta tsaya tana kallona. Tsohuwa tana ta tsufa, ba su taɓa yin hira ba, kuma ina tsoron haka za su rabu.

Da ta gama sakandare ta ce aikin jinya za ta karanta. Gurbin jami'a ga ɗan baƙo a nan sai an sha wuya, a gida kuma yajin aiki ya hana na gwamnati sakat. Mahaifinta ya samo wata mai zaman kanta ta Kiristoci, ba nisa da garinmu. Na ce faufau. Matan da muke zuwa kasuwar Aziziya tare mu sayo kwalin tumatir mu raba suka taya ni ƙi. Ɗaya ta ce, "Haram alaiki, Hajiya, ki ɗauke yarinya daga ƙasa mai tsarki ki kai ta coci?" Ita kuwa nata ɗan yana kwance a ɗaki, ba aiki ba karatu. Maganarta ce ma ta sa na yarda, don ni ba a yi mini iyayi a kan 'ya'yana.

A bakin yarinyar na ji tarihin wurin. 'Yan mishan ne suka fara da ɗakin shan magani na jinka, suna wanke gyambo. Daga baya aka buɗe makarantar ungozoma da ta malaman coci, a ƙarshe cocin ya haɗe su ya mai da su jami'a, aka ƙara sashen noma da na shari'a. Akwai darasin Littafi Mai Tsarki da kowa ke ɗauka. Ta zauna ta ci jarrabawarsa, ta koma ɗaki ta yi sallarta, ba wanda ya taɓa mata hijabi. Sai dai akwai wata ƙa'ida da suka gada tun zamanin ɗakin jinkar nan. Ɗalibin jinya ba ya taɓa majinyaci sai ya gaishe shi da harshensa, ya tambayi gida da yara, ya ji ciwon daga bakinsa ba tare da tafinta ba. Maki ake bayarwa a kai.

'Yata da ke cinye kowane darasi, a nan ta faɗi warwas. Ta kira ni tana kuka. "Yumma," in ji ta, don haka ake kiran uwa a nan, "malama ta ce hannuna ya iya, bakina ne bai iya ba." Na lallashe ta, amma a raina sai sa wa malamar nan albarka nake yi. Ta maimaita zangon a ɗakin mata na asibitin jami'ar, cikin tsofaffi masu ciwon ƙafa waɗanda ba sa raga wa kowa. Suna kiranta Balarabiya suna dariya, ita kuma ta yi ta durƙusa musu har harshenta ya kwanta.

A shekararta ta ƙarshe Inna ta kwanta ciwo. Izinin fitata daga ƙasar bai fito da wuri ba, ina Riyad kamar in yi tsuntsuwa. Yarinyar ta nemi hutu ta tafi wurinta. Wata rana na kira, Inna ta ɗauka, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ke, kira anjima," in ji ta. "Hira muke yi da 'yar nan. Ina ba ta labarin rashin jin da kika yi."

Na jiyo 'yata tana cewa, "Inna, ƙyale ta, ba ki ƙarasa na tulun da ta fasa ba."

Suka kashe mini waya. Na zauna a tsakar ɗaki ina dariya ina share hawaye, ina jin kaina ya kai sama don alfahari. Ban riski Inna da rai ba. Duk abin da ta bar mini na wasiyya, a bakin 'yata na ji shi, da Hausa.