Jan ƙyallen Mamadu

"Ɗaura a hannu, duk shekara ɗayanmu ke ɗaurawa, bana kai ne," in ji Iya, kakata, tana miƙo min wani jan ƙyalle koɗaɗɗe. Ina shirin tafiya kasuwar Gidigir.

Na ce, "Haba Iya, mutane za su ce laya ce."

Ta ce, "Kakana Mamadu ya yago shi daga rawaninsa ya ba matarsa, ranar da aka kwashe su yaƙi daga Gure, tun Nasara ba su shigo Damagaram ba. Bai dawo ba, ba shi da kabari. Wanda ya tambaye ka, faɗa masa sunansa."

Na ɗaura, ina jin kunya. Kafin la'asar mutum shida sun ce, "Allah ya jiƙan Mamadu."

Da ku ne, za ku ƙi ɗaurawa?