Watan Da Kyamarata Ta Gani

Na sayi kyamarar ne a shekarar da aka ɗauke ni aikin koyarwa a Haɗejiya. Ba ta fi sabulun wanka girma ba, tana shigewa aljihun gaban riga ba wanda zai san da ita. In ka kunna ta sai idonta ya leƙo waje a hankali kamar kan kunkuru. Akwai wani ɗan madanni a samanta, in ka tura shi dama sai abin da ke can nesa ya taho gabanka. Wannan madannin shi ya raba ni da hankalina.

Duk Juma'a in an tashi daga makaranta nakan hau babur zuwa ƙauyenmu da ke bayan Auyo, in ruwa ya cika a ƙarasa da kwalekwale. Ba abin da ban ɗauka ba a wannan hanya. Na ɗauki masunci kwance a kan gorarsa a tsakiyar ruwa, na ɗauki ɗinya da zalɓe ba tare da na tashe su ba, na ɗauki ciyawar kachala da ta toshe mana hanyar jirgi. Ba zan ci amanar kyamarar ba, ta yi mini rana. Da ita na ɗauki Inna daga ƙofar zaure tana bandar kifi, tana ƙyaƙyata dariya ba ta san ina wurin ba. Shi kaɗai ne hotonta da muke da shi tana dariya, don in ta san za a ɗauke ta sai ta ɗaure fuska kamar an kira ta gaban alƙali.

Amma fa tana da halinta. Ka danna, sai ta tsaya tunani, kafin ta gama tsuntsun ya tashi ya bar maka hoton ruwa. In ka jawo abu sosai kuma hannunka ya ɗan motsa, hoton ya dame. Da rana tsaka ba ka ganin komai a gilashinta sai fuskarka. Batir kuwa ba ya mutuwa sai lokacin da amarya ta fito.

Baba bai taɓa kushe ta ba. Yakan dai ce, "Malamin boko ya iso da akwatinsa." Manomin shinkafa ne, in ruwa ya ja baya ya taɓa kamun kifi, amma ba da wannan aka san shi ba. An san shi da ganin wata. Tun kafin a haife ni, duk daren da ake duban watan azumi ko na Salla, shi ake jira. Yakan hau jingar da ke yamma da gari, inda ba abin da ke tare ido sai ruwa da giginyu uku. In ya ce ya gani, bulama, wato mai garinmu, ba ya sake tambayar kowa, sai ya tashi ɗan aike zuwa wurin hakimi. In ya ce bai gani ba, ko mutum goma sun rantse sai an yi ta yi musu tambayoyi. Bai taɓa cewa ya gani ba alhali bai gani ba, shi ya sa maganarsa take da nauyi.

Shekarar da nake ba da labari, azumi ya faɗo a tsakiyar damina. Na zo gida ana saura kwana biyu. Inna ta ja ni gefe ta ce, "Ka lura da babanku kuwa? Yanzu fa da kunne yake gane mutane. Sai ka yi sallama yake sanin kai ne."

Na ce, "Inna, tsufa ne kawai."

Ta ce, "To. Ni dai na faɗa maka."

A ranar na nuna masa hoton gonarsa, shinkafa ta yi kore shar. Ya karɓi kyamarar ya kai ta nesa, ya dawo da ita kusa, ya ce, "Madalla, ya yi kyau." Da na karɓa sai na ga gilashin ya riga ya mutu, baƙi ƙirin. Na ce a raina ai yanzu ya ɗauke. Mutum in ba ya son ya san abu, ba ya rasa dalili.

Ranar duban wata, bayan la'asar, ya ce, "Zo ka raka ni jinga." Na yi mamaki, don bai taɓa neman rakiya ba. Mutane ne ke bin sa. Ni kuwa abin da ya faɗo mini shi ne yau kyamarata za ta nuna wa ƙauye abin da ta iya. Tun safe na kai batir caji wurin mai janareta, na goge idonta da gefen rawanin Baba ba da saninsa ba.

A hanya yana ta yi mini bayani, abin da bai saba ba. Ya ce, "Ka riƙe wurin da rana ta faɗi, kada ka sake shi. Bana watan zai fito ta hagunsa, sama da giginyar tsakiya kamar faɗin tafin hannu. Kada ka zura masa ido, ka bar idonka ya huta a wurin, shi zai zo da kansa. Kuma ba ya daɗewa, musamman da wannan hadarin."

Na ce, "To, Baba." Rabin hankalina yana aljihu.

Rana ta faɗi, muka yi sallar magariba a nan kan jinga, mu kusan ashirin har da bulama. Da aka sallame kowa ya juya yamma. Hadari ya yi baƙi daga ƙasa, amma akwai wata tsaga mai ja a tsakaninsa da na sama, daidai inda Baba ya ce. Ya tsaya a gefena, ya ɗaga kai. Ni kuma na zaro kyamara, na dafa gwiwar hannu a kan wani turke, na tura madannin har ƙarshe. Giginyar ta taho tana rawa. Na ɗaga sama kaɗan. Ja, ja, toka, sai ga wani ɗan farin zare a lanƙwashe, siriri kamar yankan farce. Na riƙe numfashi na danna. Ta tsaya tunaninta. Na sake dannawa, na sake, har sau biyar, ina tsoron kada ya dame.

Na ce da ƙarfi, "Ga shi! Wallahi ga shi!"

Mutane suka yo kaina, kowa na son ya leƙa. Aka yi ta miƙa kyamarar hannu zuwa hannu, wani ya ce wata ne, wani ya ce ƙazanta ce a gilashi. Bulama ya duba ya daɗe, sannan ya juya wurin Baba ya ce, "Malam, me ka ce?"

Na matsa kusa da kunnensa na ce a hankali, "Baba, yana nan inda ka faɗa, saman giginyar tsakiya. Ka ce ka gani kawai, ai gaskiya ne."

Bai ko juyo ba. Ya ce wa bulama, "Ranka ya daɗe, ni ban gan shi ba." Ya ƙara da cewa, "Ko giginyar ma ban gani ba."

Ban taɓa jin kunya da tausayi sun haɗu mini wuri guda kamar lokacin ba. Wasu suka sunkuyar da kai. Bulama ya ce, "Allah ya ba da lafiya, Malam."

Sai Baba ya ce, "Amma ga ɗana nan, na nuna masa wurin. A tambaye shi." Ya juyo inda yake jin numfashina. "Kai ka gan shi?"

Na ce, "Ga shi a kyamara, Baba."

"Da idonka nake tambaya."

Sai a lokacin na ɗaga kai. Hasken gilashin ya cika mini ido, ba na ganin komai sai wani koren tabo yana yawo. Kafin ya washe, hadarin ƙasa ya haɗe da na sama, tsagar ta rufe. Tun da aka sallame salla ban kalli sama ba ko sau ɗaya. Da na so da na ce na gani, ba wanda zai ƙaryata ni, ga hoto a hannu. Amma yanzun nan na ji abin da Baba, da ke gefena, ya faɗa da bakinsa.

Na ce, "Ban gan shi ba."

Bulama ya miƙo mini kyamarata ya ce, ba da faɗa ba, "Akwati ba ya rantsuwa, malam." Ba a tashi ɗan aike daga garinmu ba a wannan shekara. Daga baya rediyo ya sanar an ga wata a wasu garuruwa, muka tashi da azumi kamar kowa.

Da muka sauko daga jinga, Baba ya ɗora hannunsa a kafaɗata. Bai taɓa yi ba. Muka bi gefen gonaki a hankali, ina faɗa masa inda kwari yake da inda ruwa ya kwanta. Ina ta jiran faɗa, da ya yi da na ji sauƙi. Sai da muka kusa gari ya ce, "Ƙahonin watan ina suka duba?"

Na ce, "Sama, sun ɗan karkata hagu."

Ya ce, "Shi ne." Muka yi 'yan taku, sai ya ce, "Tun bara na san na gama. Na so ne kafin jama'a su sani, su ji wani daga gidana ya ce na gani."

Hoton yana nan, na wanke shi a Haɗejiya. Ɗaya ne cikin biyar ya fito, duk wanda na nuna wa sai ya tambaye ni mene ne wannan. An yi wa Baba aikin yanar ido bayan Salla, ya koma gane fuskoki, amma bai sake hawa jinga ba. Ni nake hawa yanzu, aljihuna ba komai. Na ga wata sau da yawa tun daga nan, sai dai ranar da na fara cewa na gani a gaban bulama, Baba ya shekara biyu a ƙasa.