Ciwon Fatar da Na Ɓoye Ya Cinye Mini Yatsu

A shekarun da kuɗin fetur suka fara shigowa, kowa yana son babbar riga, ni saurayi ne mai ɗinkin hannu a Fagam ta ƙasar Gwaram. Allura ce gonata, kuma ina ji da kaina, don ko daga Birnin Kudu ana kawo mini aiki. Sai wani abu ya fito mini a gwiwar hannu da ƙeya, fata tana saɓa fari-fari kamar dusa. A garinmu kuwa, da an ga tabo a jikinka sai a fara raɗe-raɗin kuturta, a ware maka akwushi. Tsoro ya kama ni, na koma sa riga mai dogon hannu ko ana zafi.

Daga baya yatsuna suka kumbura suntum, farce ya yi ramuka, da safe ko zare ba na iya sa wa allura. Wannan kam ban ɓoye ba, sanyin ƙashi ai ba abin kunya ba ne. Wanzami ya yi mini ƙaho, da bai yi ba ya yi sakiya. Fatar kuwa sai in sayi man shafawa a kasuwar wani gari, inda ba a san ni ba. Har asibiti na je, na miƙa yatsu kawai, aka ba ni ƙwayar rage zafi na dawo.

Sai da shekaru suka ja, yatsu suka karkace, wani likita a babban asibiti ya sa na tuɓe riga. Ya daɗe yana dubawa, ya ce ba kuturta ba ce, ba a ɗauka, kuma ciwon fatar da na gaɓɓan abu ɗaya ne, jiki ne ke yaƙar kansa. Ya ce magani zai rage ɓarna, amma gaɓar da ta lalace ba ta dawowa. Ya tambaye ni, "Malam, me ya hana ka nuna tun farko?" Ni kuwa hawaye kawai nake yi.

Ban sake ɗinka riga ba, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Jama'a, ba a ɓoye wa mai wankan gawa jiki, balle mai magani. Wanda fatarsa ke saɓa, gaɓɓansa kuma na kumbura, ya nuna duka biyun tare, da wuri. Mutanen da na ji kunyarsu sun daɗe da manta ni, yanzu jikata ce take ɓalle mini maɓallin riga.