Wayar da Ba Ta Tsegumi

Da Allah zai ba ni ikon mayar da abu ɗaya cikin abin da na aikata a tsufana, ba ragon da na sayar zan dawo da shi ba, ko da yake har yau ina tuna ƙahonsa. Magana ɗaya ce zan haɗiye, wadda na jefi aminina da ita a gaban mutane wata Laraba bayan la'asar. Bokona kaɗan ne, daga aji huɗu aka cire ni aka kai ni rumfar yadi, don haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutun. Laifin kuwa ba na nema masa uzuri.

Iyayena Kanawa ne, amma a Yerwa, wato Maiduguri, na yi wayo, nan na sayar da yadi har gwiwoyina suka ce sun gaji. Yanzu ina zaune a Gomari, inda ƙarar jirgi ke katse wa mutum hira a tsakiya. Matata ta rasu. Babbar 'yata, ma'aikaciyar jinya, gidanta na bayan layinmu, ita ke kula da cina da shana. Tun ranar da likita ya ce ina da ciwon suga ta zame mini gwamnati. Ta kwashe sukarin gidan kaf, ta hana ni shinkafa sai ranar Juma'a, sannan ta saya mini babbar waya ta shafawa, wai don ta riƙa jin lafiyata.

Aminina Babarbare ne, mai wankin hula a Hausari. Mun haura shekara arba'in tare. Ina ce masa Mala, yadda Barebari ke kiran malami, shi kuma ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, sai Afuno, wato Bahaushe. A rumfarsa akwai benci biyu, da huluna jere a kan gumagumai suna shan rana, da buta a kan gawayi wadda ba ta sauka. Shayinsa irin na Shuwa ne, baƙi, mai kauri, sukarinsa har leɓe yake mannewa. Shi aka hana ni, shi kuma nake hawa napep in tsallaka gari dominsa sau biyu ko uku a mako. Mala bai san ina da ciwon ba, na ɓoye masa don kada ya rage hannu. 'Yata kuma nakan ce mata zan je gaisuwar mutuwa. A wannan shekara na binne mutane da yawa da bakina waɗanda har yanzu suna nan suna cin tuwonsu.

Abin da ya dame ni shi ne, duk ranar da na je, da na dawo ta leƙo da kwanon abinci, sai ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Baba, yaya Mala? Kofi nawa yau?"

"Wane Mala? Gaisuwa na je."

"To, Allah Ya ji ƙan mamacin. Kawo yatsanka."

Ta soke ni da allurar gwaji, na'ura ta faɗi abin da ta faɗa, a yi mini faɗa kamar ni ne ɗan, ita ce uwar. Ranar da na je gaisuwar gaske kuwa ba ta cewa komai. Wannan ya tabbatar mini akwai mai kai mata labari.

A majalisarmu ta ƙofar masallaci na ji amsar da nake so. Wani ya ce wayoyin nan suna jin duk abin da ake faɗa, suna kuma sanin duk lungun da mutum ya shiga. Na tuna ranar da na yi ƙorafin gwiwa, washegari waya ta cika da tallan maganin gwiwa. Na tuna kuma wadda ta saya mini wayar. Nan take na yanke hukunci: 'yata ta sa mini ɗan tsegumi a aljihu, ni kuma kullum ina ba shi caji da hannuna.

Na nufi kasuwar 'yan waya, wajen wani mai gyara da aka yaba mini, magidanci mai furfura a gemu, ɗan kudancin Borno. Na sunkuya na yi ƙasa da murya na ce ina son wayar da ba ta bin sawun mutum.

Ya ce, "Akwai, Baba Alhaji. Amma kafin nan, daga wa kake ɓuya? Maganin ya danganta da cutar."

Wannan tambaya ita ce mafi amfani a duk ranar, ni kuwa na amsa ta da ƙarya. Ina zan iya cewa dattijo kamata yana gudun 'yar da ya haifa saboda kofin shayi? Na gyara zaman babbar riga na ce, "Daga manyan kamfanonin ƙasashen waje."

Ya dube ni, ya dubi takalmin robar da ke ƙafata, ya ce, "To. Allah Ya kare ka daga gare su."

Mutumin nan bai cuce ni ba, dole in faɗa. Ya karɓi wayata ya nuna mini cewa ita kanta ana iya rufe mata ido da kunne: a kashe abin da ke nuna inda mutum yake, a hana manhajoji taɓa makirufo, a goge waɗanda ba na amfani da su. Ya ce zai yi mini kyauta. Na ce ban yarda da ita ba, wanda ya saba tsegumi ba ya tuba. Ya ɗauko ƙaramar waya mai maɓallai, irin wadda yara ke wa laƙabi da rakani-kashi, ya ce wannan ba ta san komai ba sai kira da tocila. Na ce ni Alhaji guda ba zan fito da wannan a majalisa ba, kuma ina son jin saƙon muryar jikokina. Sai ya ja durowa ya fito da wata baƙa, ba ado, ba kwalliya. Ya ce an cire mata tsarin da ta zo da shi an sa wani, babu abin da zai ji muryata ko ya san inda nake sai na ba shi izini da yatsana.

Na ji kamar an nuna mini amarya. Na tambayi kuɗinta, ya faɗa, na ji kamar an nuna mini surukai.

Ya ce, "Baba Alhaji, ka ji gaskiya. Kamfanin layi dai ya san unguwar da kake, wannan babu wayar da ke hana shi. Kuma ita tana rufe bakinta ne kawai, ba ta rufe na mai ita. In ka bi tawa, ka bari in gyara maka tsohuwar."

Ban bi tasa ba. Na koma gida na sayar da ragon da nake kiwo don layya, na dawo na ɗauki baƙar.

Zaman da na yi da wayar nan a makon farko, ko da sabuwar amarya mai tsiwa ban yi irinsa ba. Komai sai ta tambaye ni, kuma da Turanci. Ta fi 'yata tambaya. Na danna mata "a'a" a kan komai don in huta. Sai na yi wa jikana nasiha ta minti biyar a saƙon murya, ashe kunnenta a toshe yake, bango na yi wa wa'azi. Manhajar kiran salla ta rasa garin da nake, ta riƙa kiran magariba rana na tsaka. Lambar sirrin da mai gyara ya sa na zaɓa doguwa ce, na kasa riƙe ta a kai, sai na rubuta ta a takarda na manna a bayan wayar da salatif. Duk da haka ina tafiya ina jin kaina kamar wani babban jami'in da duniya ke nema ta rasa.

Ranar gwaji na hau napep na tafi Hausari, na sha kofi uku, na dawo ina murmushi. 'Yata ta shigo, ta ajiye kwano, ta dube ni.

"Baba, ka gaishe mini da Mala?"

Na ce ƙila dace ta yi. Na sake zuwa, ta sake sani. Karo na uku na kashe wayar gaba ɗaya, na tura ta ƙarƙashin matashi, na fita ba komai a aljihuna sai kuɗin napep da goro. Ta sani.

Mai hankali a nan zai tsaya ya tambayi 'yarsa. Ni kuwa rago na sayar, ba zan yarda a banza ya tafi ba, dole a sami mai laifi. Na ce tunda ba waya ba ce, mutum ne. Sai na tuna duk sanda zan tashi daga rumfar Mala nakan ga ya ɗauko 'yar wayarsa yana latsawa. Lokacin salla yake dubawa, amma shaiɗan ya fassara mini yadda yake so.

Ranar Larabar, benci biyun cike suke: mai shagon kusa, da wani tela, da mutum uku da suka kawo huluna. Mala ya tarbe ni yadda ya saba.

"Afuno! Kanawa sun ƙi karɓarka har yanzu? Zauna, buta ta kusa."

Ya miƙo hannu wajen kaina, na kauce. Na ce, "Mala, shekara arba'in ina zama da kai, ashe ɗan rahoto ne kai ban sani ba. Duk wanda ya zauna a bencin nan, kafin ya isa gida labarinsa ya riga shi."

A wani gari wannan zagi ne kawai, a yi dariya a wuce. A Maiduguri ba haka ba ne. Duk wanda ya zauna a garin nan a shekarun tashin hankali ya san abin da kalmar nan ta jawo wa gidaje, kuma ni ma na sani. Mala ya sauke hannunsa a hankali.

"Rahoton me, Afuno? Wa nake kai wa?"

"'Yata! Kana gaya mata ina shan shayi alhali an hana ni saboda suga."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Kana da suga? Tun yaushe?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Kuma ka bar ni ina zuba maka da hannuna." Ya juya ya sauke butar daga wuta. Ban taɓa ganinta a ƙasa ba sai ranar.

Na dawo gida ina huci, na gaya wa 'yata na kama ɗan aikenta. Ta dafe ƙirji ta zauna a bakin gado.

"Baba, me ka ce masa? Innalillahi! Ni ko lambarsa ba ni da ita."

"To wa ke gaya miki?"

"Hularka, Baba."

Ta ce kullum ina fita da hula a lanƙwashe, kamar an zauna a kanta, don a aljihun kujera nake cusa ta. Amma duk ranar da na je Hausari, hular kan dawo a tsaye, a goge, bakinta a daidaice. Na shafa kaina. Gaskiya ce. Shekara arba'in, da na zauna a bencin nan Mala zai cire hular daga kaina ba tare da ya tambaye ni ba, ya kakkaɓe ta, ya ɗan yayyafa mata ruwa, ya ɗora ta a gungume muna hira, in zan tafi ya mayar mini. Bai taɓa karɓar ko sisi ba. Ya sha cewa ba zai bari a ga abokin mai wankin hula da hula kamar tsumma ba. Na saba da abin har na daina ganinsa. Alherin da ya fi daɗewa yana yi mini shi na kira rahoto.

Washegari da safe na koma na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, har ya ce in zauna. Amma magana ta riga ta fita. Cikin mutum ukun nan akwai wanda ya zo ya karɓi hulunansa ba a wanke ba. Wasu da suka saba zama suka daina, in sun wuce sai su ɗaga hannu daga nesa. Ba wanda ya tsaya ya ji cewa rahoton na shayi ne.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na je wajen tela, na je wajen mai shago, na nemi gidan mai hulunan nan. Na tsaya a ƙofar masallacin layinsu bayan azahar na ba da labarin rago da waya da hula tun daga farko. An yi mini dariya har wani tsoho ya share hawaye, kuma na gode wa Allah da dariyar, don ita ce ta dawo da yawancinsu. Ba duka ba. Akwai gurbi ɗaya a bencin da har yau ba a cike ba.

Ina ci gaba da zuwa, yanzu da sanin 'yata. Mala yana dafa mini nawa daban, ba sukari, ɗaci kamar maɗaci, ya tsaya a kaina sai na shanye. Amma wata uku hannunsa bai kusanci kaina ba. Na riƙa murɗe hular da gangan kafin in sauka daga napep, in zauna kusa da shi, in sunkuyar da kai kamar ina neman wani abu a ƙasa. Yana gani, ya kau da ido. Sai Juma'ar da ta wuce ya yi tsaki ya ce, "Afuno, kawo tsumman nan, kana kunyata ni a gari. Amma ka fara tambayar wayarka ko ta ba da izini."

Baƙar wayar tana nan, kuma ba ta da laifi, abin da aka ce za ta yi tana yi. Jikokina sun buɗe mata kunne, mai gyara ya sa mata sunan garinmu, yanzu tana kiran salla a kan lokaci. Na cire takardar bayanta. Layyar bana kuwa 'yata ce ta yi mini.

Roƙona ga wanda ya karanta wannan ɗaya ne: kada ya bi sawuna. In za ka sayi irin wayar nan, saya, amma in mai gyara ya tambaye ka daga wa kake ɓuya, ka gaya masa gaskiya ko da za ta sa ya yi maka dariya. Kuma kafin ka jefi mutum da kalmar da ba ta komawa baki, don Allah ka ɗaga hannu ka taɓa hularka tukuna.