Tsamiyar da Kaka ta Shuka a Gonar Aro

Duk ran da aka jiƙa tsamiya a gidana za a dama kunu, ƙamshin nan mai tsinka yawu sai ya mayar da ni bayan bukkarmu ta farko, a bakin dajin da ke kusa da Gabi. In an taɓa kiranka baƙo a gonar da ka sare da hannunka, za ka gane zafin abin da zan faɗa.

Daga arewa muka zo, 'yan shekaru bayan tafiyar Nasara, da jaki ɗaya, da gatari biyu, da irin gero a cikin tulu. Wani dattijo cikin masu garin, manoman nan masu bin al'adar kakanninsu, ya ba Baba aron daji. Daji fa, ba gona ba. Mu muka yi sassabe, muka ƙone kututture, Inna da tsohon ciki tana jan ƙaya, ni ko tafin ƙafata duk ya tsage. Amma aro yana da doka: baƙo ya shuka abin da zai girbe bana, kada ya sa itace, don itace shaidar mallaka ne. Ran da ƙasa ta yi laushi sai a ce mun gode, ku ƙara gaba. An yi wa wasu haka kafin mu.

Baba mutum ne mai sanyi, in ka taka shi ma shi zai ba ka haƙuri. Ba wajen Kaka, mahaifiyarsa, ya gado wannan ba.

Da damina Inna ta haifi ƙanena. Kaka ta ɗauki mabiyiya ta kai bayan ɗaki za ta binne kamar yadda aka saba, ni na riƙe mata fartanya. Kafin ta gama mayar da ƙasa, ta kwance bakin zanenta ta jefa ƙwallon tsamiya. Ta dube ni, na dube ta. Duk ranin nan ni nake ba tsiron ruwan wanke-wanke, na kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Da ya kai gwiwata, dattijon ya zo zagaye ya gan shi.

"Wa ya ba ku izinin itace? Kun san ƙa'ida."

Baba har ya durƙusa yana cewa yanzu za a cire. Kaka ta ture shi gefe, ta miƙa wa dattijon fartanya.

"Ungo, Maigida, tone da hannunka. Amma hwa cibiyar jikana na ƙarƙashi. Ku kunka ce ƙasa ba ta mance abin da anka ba ta. In ƙarya ce, tone."

Mutumin da ba ya shuka sai ya yanka wa ƙasa kaza, ina zai tone abin da aka ba ta? Ya daɗe yana kallon tsiron nan.

"Tsohuwa, kin ɗaure ni."

"Zuhwar ɗana ta ɗaure ka."

Ya juya ya tafi. Ranar Baba bai iya cin tuwo ba don fargaba, ni ko na cinye nawa har da suɗi. Da lokacin girbi ya yi muka kai wa dattijon damin geronsa na aron gona kamar kullum, kuma Kaka ce a gaba. Ta ce ba butulci muka zo yi ba, zama muka zo yi. Ba wanda ya sake ce mana mu ƙara gaba.

Kaka ba ta sha kunun tsamiyarta ba, ta rasu kafin bishiyar ta yi 'ya'ya. Yau dajin ya ƙare, kwano ya maye bukkoki. Bara ana gardamar iyaka, wani jikan dattijon, yaro ɗanye shakaf, ya ce ai mu baƙi ne. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kama hannunsa har gindin bishiyar, na ce ya rungume ta. Hannuwansa ba su haɗu ba.

Na ce, "Sa'ar ƙanena ce. Ran da ka girme ta, ka zo ka kira ni baƙuwa."